Idan Laka Ta Tsinke: Tarihin Hukuncin da Ake Ta Ɗaukaka Ƙara a Kansa

A shekarar 1862 wani Ba'amurke mai sha'awar kayan tarihi, Edwin Smith, ya sayi wata tsohuwar naɗaɗɗiyar takarda a garin Luxor na ƙasar Masar. Takardar ta daɗe a ajiye kafin masanin tarihin Masar James Henry Breasted ya fitar da cikakkiyar fassararta a 1930. Da aka karanta sai aka tarar littafin koyar da jinyar raunuka ne, wanda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗauke da bayanin raunuka 48. Marubucin yakan zayyana alamomin kowane rauni, sannan ya yanke masa ɗaya daga cikin hukunci uku: ko ciwo ne da likita zai yi wa magani, ko wanda zai yi fama da shi ya ga abin da hali zai yi, ko kuma wanda babu amfanin a taɓa shi. Rauni na 31 na mutumin da ƙashin wuyansa ya goce ne. Ba ya jin hannuwansa da ƙafafunsa, fitsari yana zubo masa bai sani ba. Marubucin ya jefa shi a rukuni na uku.

Wannan hukunci ya yi shekara fiye da 3,000 babu wanda ya iya girgiza shi. Cikin ƙarni guda da 'yan kai da ya wuce ne aka fara ɗaukaka ƙara, kuma tarihin ƙarar yana da abin lura. Masu bincike sun tabbatar a ɗakin gwaji cewa zaren jijiyar laka yana iya sake tsirowa, amma har yau babu maganin da aka tabbatar yana ɗinke tsinkakkiyar laka a jikin ɗan Adam. Ribar da ta kai ga gadon majinyaci ta wata ƙofa ta shigo, wato ta hanyar kiyaye ran mai raunin da kuma cin moriyar abin da haɗarin ya bari.

Igiyar da ke cikin ƙashin baya

Laka wata farar igiya ce mai taushi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta ramin da ke tsakiyar ƙashin baya. Tsawonta a jikin baligi kimanin santimita 45 ne, kaurinta kuwa bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Jijiyoyin saƙo 31 ke fita daga cikinta ta dama, 31 ta hagu, su bazu cikin gaɓoɓi. Waɗannan daban suke da jijiyoyin jini, ko da yake Hausa suna ɗaya ta ba su. Kowace ƙwayar jijiya tana da ɗan ƙaramin jiki da dogon zare mai kai saƙo, kamar wayar lantarki. Ɗimbin irin waɗannan zaruruwa ne ke hawa da sauka a cikin laka, wasu na sauko da umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa, wasu na hawa da labarin zafi da sanyi da taɓawa.

Tun a ƙarni na 2, likitan nan Bagirke Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, ya riƙa yanke lakar dabbobi a wurare daban-daban, ya lura cewa inda aka yanke shi ke nuna abin da zai shanye. Rauni a tsakiyar baya yana ɗauke ƙafafu. A wuya yana haɗawa da hannuwa, idan kuma ya yi sama sosai har numfashi yakan tsaya. Bayan motsi da ji, mafitsara da hanji da daidaiton hawan jini da sha'anin auratayya duk suna rataye da wannan igiya.

Ko da yake akan ce laka ta tsinke, ba kasafai take rabuwa gida biyu ba. Yawanci ƙashi ne ke karyewa ko ya goce ya murƙushe ta. Bayan wannan bugun farko sai ɓarna ta biyu ta biyo baya cikin sa'o'i da kwanaki: wurin ya kumbura, jini ya zuba a ciki, ƙananan hanyoyin jini su toshe, ƙwayoyin da bugun bai taɓa ba su mutu. A ƙarshe wurin yakan zama kogo mai ruwa kewaye da tabo. Sau da yawa akan sami ɗan siririn nama a gefe wanda ya tsira, ko da majinyacin ba ya jin komai a ƙasan raunin. Wannan ɗan saura yana da babban matsayi a ƙarshen labarin.

Jijiyar hannu tana warkewa, ta laka ba ta yi

A 1850 likitan Ingila Augustus Waller ya yanke jijiyoyin harshen kwaɗi ya duba su a madubin ƙara girma. Ya ga ɓangaren zaren da ya rabu da jikin ƙwayar yana farfashewa ya narke, shi kuwa wanda ke haɗe da jikin yana nan da ransa. Daga baya aka fahimci cewa wannan kututture mai rai yakan fitar da sabon tsiro, ya bi tsohuwar hanya, yana cin kimanin milimita ɗaya a rana. A 1903 wani likitan jijiyoyi na Landan, Henry Head, ya sa aka yanke masa jijiyar fatar hannunsa na hagu da gangan aka ɗinke. Shi da abokinsa W. H. R. Rivers suka shafe fiye da shekaru huɗu a Cambridge suna gwada wurin da allura da gashi da zafi da sanyi, suna rubuta yadda ji ke dawowa sannu a hankali.

Tambayar da ta rage ita ce: in jijiyar hannu tana iya wannan, me ya hana ta laka? Mutumin da ya fi kowa zurfafa dubawa shi ne Santiago Ramón y Cajal, ɗan ƙasar Sifaniya, wanda ya raba kyautar Nobel ta 1906 da Camillo Golgi na Italiya. A ɗakin gwajinsa na Madrid ya ga cewa yankakkun zaruruwan laka sukan fara tsiro na 'yan kwanaki, sai su tsaya, bakinsu ya kumbura kamar kan kulki, su ƙi gaba. A littafin da ya wallafa kan lalacewa da sake tsirowar jijiyoyi a 1913 da 1914, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1928, ya bayyana cewa hanyoyin jijiya a ƙwaƙwalwa da lakar baligi a kafe suke, abin da ya mutu ya tafi ke nan.

Sai dai Cajal bai rufe ƙofa ba. A wurin da ya faɗi haka ya kuma ce aikin kimiyyar gobe ne ta sauya hukuncin idan ta iya, kuma yana da dalili. A 1911 almajirinsa Francisco Tello ya dasa guntun jijiyar ƙafa a cikin ƙwaƙwalwar zomo, ya ga zaruruwa suna shiga guntun suna tsiro. Cajal ya fahimci cewa irin da ransa, ƙasar ce ba ta karɓar shuka. Amma rinin da ake amfani da shi a lokacin bai isa ya tabbatar da inda zaruruwan suka fito ba, masu shakka suka ce daga wani wuri suka ratso. Littattafan koyar da likitoci suka riƙe rabin farko na maganar Cajal, rabi na biyu ya kwanta kusan shekara 70.

Yaƙi da gyambon kwanciya

Yayin da ake wannan muhawara, masu raunin laka mutuwa suke yi, kuma sau da yawa ba raunin ne kai tsaye ke kashe su ba. Shahararren likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, Harvey Cushing, ya ba da rahoton cewa kashi 80 cikin 100 na sojojin Amurka da suka ji rauni a laka a Yaƙin Duniya na Ɗaya sun mutu cikin makonnin farko. Abu biyu ne suka fi cin rayuka. Na farko gyambon kwanciya. Mai lafiya yakan juya cikin barci bai sani ba, domin fatarsa tana kai ƙara idan ta matsu. Wanda ba ya ji kuwa yana nan a gefe ɗaya har jini ya daina isa fatar da ke kan ƙugu da mazaunai da dunduniya, naman ya mutu ya ruɓe har ƙashi. Na biyu mafitsara. Fitsarin da ya taru bai fita ba, ko robar da aka zura ba tare da tsabta ba, sukan kai ƙwayoyin cuta zuwa ƙoda da jini.

Donald Munro ya buɗe ƙaramin sashe na masu raunin laka a asibitin birnin Boston a 1936, ya nuna cewa kulawa ta tsanaki tana rage mutuwa. Amma wanda ya juya al'amarin gaba ɗaya shi ne Ludwig Guttmann, Bayahude likitan tiyatar jijiyoyi daga birnin Breslau, wanda ya tsere wa mulkin Nazi zuwa Ingila a 1939. A Oxford binciken sake tsirowar jijiyoyin gaɓoɓi ya yi. Da Birtaniya ta fara shirin kutsawa nahiyar Turai, tana sa ran ɗimbin masu rauni, sai aka damƙa masa wani sabon sashe a asibitin Stoke Mandeville, wanda ya buɗe a Fabrairun 1944.

Guttmann bai yi wa kowa alkawarin ɗinke laka ba. Dokoki ya kafa, kuma ya tsaya a kansu. A juya kowane majinyaci duk bayan sa'a biyu, dare da rana. A zura robar fitsari cikin tsabta irin ta ɗakin tiyata, a cire, a sake zurawa idan lokaci ya yi. A ciyar da majinyaci da kyau, a tashe shi daga gado, a koya masa sana'a. Maganin penisilin da ya fara samuwa a lokacin ya taimaka ƙwarai. Ya kuma mai da wasanni wani ɓangare na jinya. Ranar 29 ga Yulin 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, mutum 16 a kan keken guragu, maza 14 da mata 2, suka yi gasar harbin kibiya a filin asibitin. 'Yan ƙasar Holan sun shigo a 1952. A 1960 aka yi gasar a birnin Rum da 'yan wasa kimanin 400 daga ƙasashe 23, kuma ita ake lissafawa a matsayin farkon gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman. Babu tsinkakkiyar lakar da aka ɗinke a Stoke Mandeville, amma mutanen da a da makonni ake ƙirga musu sun koma gida sun rayu shekaru masu yawa, suna aiki, suna riƙe iyali.

Gadar Montreal

Hasashen Cajal cewa akwai sinadaran da ke ciyar da zaren jijiya suna jan sa ya sami hujja daga Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya da dokokin Mussolini na wariyar Yahudawa suka raba da jami'a a 1938, ta ci gaba da bincike a kan ƙwan kaji a ɗakin kwananta a Turin. A shekarun 1950, a birnin St. Louis na Amurka, ita da Stanley Cohen suka ware wani furotin da ke sa zaruruwan jijiya su yi tsiro birjik. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1986.

A 1980 da 1981 ayarin Albert Aguayo na jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada ya koma kan gwajin Tello da kayan aikin zamani. Shi da abokin aikinsa Samuel David suka ɗauko guntun jijiyar cinyar ɓera, suka dasa baki ɗaya a gindin ƙwaƙwalwa, ɗayan a laka, guntun ya zama gada. Sun yi amfani da wani sinadarin alama da ke bin zare ya koma har jikin ƙwayar da ta fitar da shi, saboda haka babu sauran musu a kan asalin zaruruwan. Zaruruwan ƙwaƙwalwa da na laka suka shiga gadar suka yi tafiyar kusan santimita uku. Amma da suka isa ɗaya bakin suka sake taka naman laka, sai suka cije bayan milimita ɗaya ko biyu. Hujja ta tabbata cewa ƙwayar jijiyar baligi tana iya tsiro, kuma akwai wani abu a cikin laka da ke tare mata hanya.

Martin Schwab na jami'ar Zurich a Suwizalan ya shiga neman wannan abu. A 1988 shi da Pico Caroni suka gano cewa rigar kitsen da ke lulluɓe da zaruruwan laka tana ɗauke da furotin mai hana tsiro. Suka samar da sinadarin garkuwa da ke toshe shi, kuma a 1990 suka nuna cewa wasu zaruruwa sun sake tsiro a lakar ɓerayen da aka ba su sinadarin. A 2000 ayari uku daban-daban suka gano ƙwayar gadon da ke ƙera furotin ɗin. Sunansa Nogo, daga kalmomin Ingilishi masu ma'anar "ba shiga".

Shinge na biyu shi ne tabo. Jerry Silver na birnin Cleveland ya nuna cewa tabon da ke kewaye raunin cike yake da wasu sinadarai masu korar tsiro. A 2002 Elizabeth Bradbury da abokan aikinta a Landan suka narkar da waɗannan sinadarai da wani sinadarin da aka samo daga ƙwayoyin bakteriya, ɓerayen suka sami sauƙin tafiya. Amma a 2016 ayarin Michael Sofroniew na Los Angeles ya nuna cewa hana tabon samuwa ba ya sa zare ya tsiro, hasali ma ƙwayoyin da ke gina tabon suna killace ɓarna, suna kuma iya zama matakala ga sabon tsiro. Shinge na uku yana cikin ƙwayar jijiyar kanta, domin da zarar ta girma takan kashe injin tsironta. A 2008 ayarin Zhigang He na Boston ya cire wata ƙwayar gado mai suna PTEN a jikin ɓeraye, sai yankakkun zaruruwan jijiyar ido suka yi tsiro mai nisa. Matsalar ita ce PTEN tana cikin birkunan da ke hana ciwon daji, don haka ba abin da za a cire wa mutum da garaje ba ne.

Daga ɓera zuwa mutum

Tsakanin ɗakin gwaji da gadon asibiti akwai tazara mai faɗi. Giɓin da zare zai ƙetare a lakar ɓera na 'yan milimitoci ne, a mutum kuwa yakan kai santimitoci. Raunin ɗakin gwaji iri ɗaya ne a kowane ɓera, na mutane kuwa kowa da irin nasa. Uwa uba, masu raunin da bai cinye laka duka ba sukan sami wani sauƙi da kansu cikin watannin farko, ko an ba su magani ko ba a ba su ba. Saboda haka labarin mutum ɗaya da ya motsa ƙafa bayan an yi masa allura bai isa hujja ba, sai an kwatanta rukunin da aka ba magani da wanda ba a ba shi ba.

A 1990 aka sanar da sakamakon gwajin da Michael Bracken na jami'ar Yale ya jagoranta a kan mutum 487, inda aka ce zuba maganin kumburi mai ƙarfi, methylprednisolone, cikin sa'a 8 na farko yana rage ɓarna. Nan da nan asibitocin duniya suka karɓe shi. Da aka sake nazarin alƙaluman sai aka ga amfanin kaɗan ne kuma a wani sashe na majinyatan kawai ya bayyana, ga kuma haɗarin kamuwa da cututtuka da zubar jini a ciki. A 2013 ƙungiyoyin likitocin tiyatar jijiyoyi na Amurka suka ba da shawarar a daina amfani da shi, kuma har yau bakin likitoci bai zo ɗaya a kansa ba. Sinadarin da ke toshe Nogo kuwa sai da ya yi shekara 36 a hanya kafin a sami sakamakon babban gwajinsa. A ƙarshen 2024 mujallar Lancet Neurology ta wallafa abin da aka samu a kan mutum 126 masu raunin wuya a wasu ƙasashen Turai: a jimlace bai fi ruwan da babu magani a ciki ba, sai dai an ga alamar amfani ga waɗanda raunin ya bar musu ɗan motsi.

Babu inda buri ya fi yawa kamar batun dashen ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin halittar da ke iya rikiɗa su zama kowane irin nama. A 2005 Koriya ta Kudu ta buga kan sarki mai hoton mutum yana tashi daga keken guragu, don karrama binciken Hwang Woo-suk. A Janairun 2006 kwamitin jami'arsa a Seoul ya tabbatar da cewa sakamakon ƙirƙirarre ne. A 2010 kamfanin Geron na Amurka ya fara gwajin farko na ƙwayoyin asali na ɗan tayi a jikin masu raunin laka, ya dakatar a Nuwamban 2011 saboda kuɗi, bayan an yi wa mutane ƙalilan. A 2014 aka sanar cewa Darek Fidyka, ɗan ƙasar Poland da aka soka da wuƙa a baya, ya fara takawa da madogari bayan likita Paweł Tabakow ya dasa masa ƙwayoyin jijiyar jin ƙamshi, bisa binciken Geoffrey Raisman na Landan. Mutum ɗaya ne, kuma yankan wuƙa ya sha bamban da murƙushewar haɗarin mota. A ƙarshen 2018 Japan ta ba wani magani mai suna Stemirac izini na wucin gadi bisa gwajin mutum 13 ba tare da rukunin kwatanci ba, abin da ya jawo suka daga masana a ƙasashe da dama.

Fuskar da duniya ta fi sani a wannan zamani ita ce ta Christopher Reeve, jarumin fim ɗin Superman, wanda ya faɗo daga kan doki a Mayun 1995 ya karya ƙasusuwa biyu na saman wuyansa. Ya tara kuɗi masu yawa don bincike, ya matsa wa 'yan siyasa lamba. A 2000, bayan shekaru na motsa jiki mai tsanani, ya iya ɗaga yatsansa manuni, abin da likitoci ba su zata ba ga rauni mai shekara biyar. Ya rasu a Oktoban 2004 yana da shekara 52, a lokacin da ake jinyar wani gyambon kwanciya da ya kamu da ƙwayoyin cuta. Duk da dukiya da ƙwararrun masu kula da shi, tsohon abokin gabar Guttmann ne ya same shi.

Laka tana da nata wayon

Yatsan Reeve ya ja hankali zuwa wani reshe na bincike da ya daɗe a gefe. A 1911 Thomas Graham Brown, wanda ke aiki a ɗakin gwajin Charles Sherrington a Liverpool, ya nuna cewa kyanwar da aka raba lakarta da ƙwaƙwalwa, aka kuma yanke jijiyoyin ji na ƙafafunta, tsokokin ƙafafun suna iya naɗewa da miƙewa bi da bi kamar mai tafiya. Ma'ana, tsarin taku a cikin ƙasan laka yake, ƙwaƙwalwa umarnin farawa da tsayawa da juyawa take bayarwa. Ba a ba aikin muhimmanci ba a zamaninsa, shi ma Brown daga baya hawan duwatsu ya fi ɗauke masa hankali. A shekarun 1980 Hugues Barbeau da Serge Rossignol a Montreal, da Reggie Edgerton a Los Angeles, suka nuna cewa kyanwar da aka yanke wa laka tana iya koyon taku a kan injin tafiya idan an yi ta horar da ita. Laka tana koyo, tana kuma mantawa idan an bar ta.

A 2011 mujallar Lancet ta wallafa aikin Susan Harkema ta jami'ar Louisville a kan Rob Summers, matashin da mota ta buge a 2006. An ɗora masa faifai mai bakin waya 16 a kan rigar lakarsa ta ƙasa, irin na'urar da aka ƙera don rage ciwon baya. Da aka kunna lantarki ya iya tsayawa da ƙafafunsa na 'yan mintuna. Abin da ya ba masu binciken mamaki ya zo bayan watanni bakwai, lokacin da ya motsa yatsun ƙafarsa da niyyarsa, muddin na'urar tana kunne. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne ɗan siririn naman nan da ya tsira yana ɗauke da saƙon ƙwaƙwalwa, amma saƙon ya yi rauni da yawa, lantarkin ne ya farkar da ƙasan lakar har ta ji shi.

A 2018 ayari uku, na Louisville da na asibitin Mayo da na Lausanne a Suwizalan, suka ba da rahoton majinyatan da suka yi taku da taimakon lantarki da madogari. A Lausanne, Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch sun tsara lantarkin ya riƙa zuwa daidai lokacin da kowace tsoka ke buƙata, kuma bayan watanni na horo wasu majinyatan sun iya motsa ƙafa ko da an kashe na'urar. Gwajinsu a kan ɓeraye ya riga ya nuna cewa irin wannan horo yana sa zaruruwan da suka tsira su fitar da rassa su kewaye raunin. A Mayun 2023 suka wallafa labarin Gert-Jan Oskam, ɗan Holan da ya yi haɗarin keke a ƙasar Sin a 2011. An dasa masa na'urori biyu a ƙoƙon kai masu karanta niyyar motsi, kwamfuta tana fassara ta, tana aika wa na'urar da ke kan laka ba tare da waya ba. Ya tsaya, ya yi tafiya, ya hau matakala. Irin waɗannan majinyata ƙalilan ne, aikin yana da tsada, takun kuma a hankali ne da madogari. A Disamban 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura da ake mannawa a fatar wuya ba tare da tiyata ba, bayan gwajin mutum 60 ya nuna kashi 72 cikin 100 sun sami ƙarin ƙarfi da amfanin hannu.

Masu neman tsiro na haƙiƙa su ma ba su tsaya ba. A 2018 ayarin Lausanne da na Los Angeles sun sa zaruruwa sun ƙetare cikakken yanka a lakar ɓeraye, amma ɓerayen ba su yi tafiya ba. Sai a 2023, da suka zaɓi takamaiman ƙwayoyin da ke da hannu a taku suka kuma ja zaruruwansu zuwa ainihin inda suke sauka tun asali, sannan ɓerayen suka taka. Ashe bayan shingaye uku akwai na huɗu, domin tsiro ba ya amfani sai zaren ya isa gidan da aka aike shi.

Abin da ya kai ga gado

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 15 ke rayuwa da raunin laka, kuma a rahotonta na 2013 ta ce haɗarin mutuwa da wuri a gare su ya ninka na sauran jama'a sau 2 zuwa 5, lamarin ya fi muni a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Abin da ya fi raba tsakanin waɗanda suka rayu da waɗanda suka mutu yawanci tsohon ilimi ne. A 2012 binciken da Michael Fehlings na Toronto ya jagoranta a kan mutum 313 masu raunin wuya ya nuna cewa kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyatar ɗage ƙashi daga kan laka cikin sa'a 24 sun sami babban ci gaba bayan watanni shida, a waɗanda aka jinkirta wa kuwa kusan kashi 9 ne.

A Najeriya, rahotannin likitocin asibitocin koyarwa sun nuna haɗarin mota ne kan gaba wajen jawo raunin laka, kuma gyambon kwanciya da cutar mafitsara suna cikin manyan matsalolin da ke biyo baya. Mafi yawan waɗanda suka yi haɗari a babbar hanya jama'ar da ke wurin ne ke ciro su, cikin kyakkyawar niyya, a naɗe su a kujerar baya ta mota, wuya yana lilo, a yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan. A irin wannan tafiya ake iya rasa siririn naman da binciken Louisville da Lausanne ya dogara a kansa. Kwantar da mai rauni a miƙe a kan faffaɗan katako, da riƙe kansa daidai da gangar jikinsa, da hana a ja ko a murɗa wuyan da sunan gyara, ba sa buƙatar na'ura. Haka kuma iyalin da aka yi wa tallar dashen ƙwayoyin asali a ƙasar waje, kafin su sayar da gona ko gida, tarihin nan ya ba su tambayoyin da za su yi: mutum nawa aka gwada a kansu, da wa aka kwatanta su, kuma a wace mujallar likitoci aka wallafa sakamakon?

Da marubucin takardar Luxor zai sake duba rauni na 31 a yau, da ya ɗauke shi daga rukuni na uku ya mai da shi na biyu, cikin ciwukan da likita ke fama da su. Kai shi rukuni na farko aikin da ke gaban masu bincike ne, kuma ɓerayen 2023 sun nuna hanyar ba a toshe take ba. Kafin nan, majinyacin da zai ci moriyar duk abin da za a gano shi ne wanda aka ɗauko daga wurin haɗari a miƙe, aka kai shi tiyata da wuri, aka kuma sami mai juya shi duk bayan sa'a biyu kamar yadda Guttmann ya tsara a 1944.